Yadda Ake Ɗaura Hita a Tankin Ruwan Mai Wanke Tagogi Kafin Hunturun Birtaniya

Yawancin masu sana'ar wanke gilasan tagogi a Birtaniya sun rage hawa tsani, sun koma aiki daga ƙasa da doguwar sanda mai burushi a kai, wadda ake tura mata tataccen ruwa ta cikin siririyar mesa daga tankin roba da ke ɗaure a bayan motar aiki. Tsarin yana tafiya lafiya har sai hunturu ya kankama, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da sanyin dare kan sauka ƙasa da sifili. Ruwa idan ya daskare yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, kuma wannan ƙarin ya isa ya tsage kan famfon tura ruwa, ya fasa mahaɗan mesa, ya lalata matatar ruwa. Ko da babu abin da ya fashe, mesar da ta sandare ba ta naɗuwa, ruwa mai sanyi kuma ba ya saurin narkar da kashin tsuntsu da dattin da ya bushe a jikin gilashi. Hitar da aka ɗaura a jikin tanki, aka jona ta da wutar gida cikin dare, tana magance waɗannan matsaloli da kuɗi kaɗan idan aka kwatanta da tukunyar ɗumama ruwa mai aiki da dizal. Ɗaurin hitar kansa aiki ne na rabin yini. Inda gizo ke saƙa wurare biyu ne: ramin da za a huda a jikin tanki, wanda ba ya komawa idan an huda shi, da kuma wayar da za ta ɗauki wuta mai nauyi na sa'o'i da dama alhali mai ita yana barci.

Mataki na farko: lissafin ƙarfin hita

Kafin a sayi komai, sai a san yawan ruwan da za a ɗumama da lokacin da ake da shi. Lita ɗaya ta ruwa tana buƙatar kimanin wat 1.16 na tsawon sa'a guda kafin zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya na ma'aunin Celsius. Saboda haka tanki mai lita 400 da ruwansa yake digiri 8, idan ana son ya kai digiri 35, zai ci kimanin yunit 12.5 na wuta, wato sa'a shida da 'yan mintoci da hita mai kilowat 2, ko sa'a huɗu da ɗoriya da mai kilowat 3. Tanki mai lita 650 zai ci fiye da yunit 20, wato sa'a goma da ƙaramar hitar, ko kusan bakwai da babbar. Wannan lissafi bai haɗa da zafin da ke zurarewa ta jikin tanki ba, don haka a ƙara wani abu a kai.

Ƙarfin wutar gida a Birtaniya volt 230 ne, filogin gida kuma fis ɗinsa ba ya wuce amfiya 13. Hita mai kilowat 3 tana jan kusan amfiya 13 cif, ba ta bar wa filogin ko numfashi ba, kuma za ta yi ta ja haka har tsawon dare. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake yawan ganin filogi ya yi baƙi a gefen fis, ko soket ya narke. Hita mai kilowat 2 kuwa amfiya 8.7 take ja. A ganina, duk wanda zai dogara da soket ɗin gida na yau da kullum ya tsaya a kilowat 2, ya fara ɗumamawa da wuri. Wanda tankinsa ya kai lita 650 ko fiye, kuma lallai yana son kilowat 3, to ya sa a ja masa layi na musamman mai amfiya 16 daga akwatin fis, da shuɗin soket mai zagaye irin wanda ake jona motocin kwana da shi a sansanonin yawon shaƙatawa. Jan sabon layi a gida a Ingila da Wales yana ƙarƙashin sashen Part P na dokokin gini, kuma aikin mai gyaran wuta ne mai rajista, irin waɗanda ke ƙarƙashin NICEIC ko NAPIT.

Mataki na biyu: zaɓen hita da sauran kaya

Hitar da ake nufi ita ce wadda ake ɗaurawa a tukunyar ruwan zafi ta gidajen Birtaniya, mai zare inci 2 da kwata na ma'aunin BSP, wato ma'aunin zaren bututu na Birtaniya, wadda take zuwa da sandar daidaita zafi a cikinta. Ba irin hitar bokiti ba ce da muka saba tsomawa a ruwan wanka da sanyin hunturu a gida, kuma kada wanda ya yi tunanin zura irin wannan ta murfin tanki ya bar ta tana lilo, domin da zarar ta taɓa jikin roba ko ruwa ya sauka ƙasa da ita, gobara ce a cikin mota. Ana samun tsawon inci 11, da 14, da 27. Gajerun biyun su ne aka fi sakawa a kwance ta gefen tanki, kuma faɗin tankin da matsayin shingayen cikinsa su za su nuna wadda ta dace.

Ƙarfen da aka yi hitar da shi yana da muhimmanci a wannan sana'a fiye da yadda yake a gida. Ruwan da aka tace har ma'aunin TDS, mai nuna yawan ma'adinan da suka narke a ruwa, ya nuna sifili ruwa ne mai yunwar ma'adinai, yana cin jan ƙarfe a hankali, abin da ke rage kwanan hitar kuma ya mayar da ɗan datti cikin ruwan da aka kashe kuɗi wajen tacewa. A nemi mai Incoloy, wato gaurayen ƙarfe mai jure tsatsa, ko mai titaniyom idan aljihu zai ɗauka, domin ita ce ta fi jure irin wannan ruwa. A tabbata kuma sandar daidaita zafin tana da maɓallin kariya na biyu, wanda ke yanke wuta gaba ɗaya idan na farko ya maƙale.

Tunda jikin tankin roba ba shi da zaren da hita za ta shiga, ana buƙatar filanji, wato zobe mai zare a ciki wanda ake maƙalawa a ramin da aka huda, da washar roba da babban noti da ke matse shi. Akwai wanda sai an zura hannu cikin tanki kafin a ɗaure notinsa, akwai kuma wanda aka ƙera don a ɗaura shi daga waje kaɗai. Sauran kayan su ne injin huda, da zarto mai zagaye daidai da girman da takardar filanjin ta faɗa, da samfefa, da sifanar hita, da sukudireba, da waya mai jure zafi mai jijiya uku, da doguwar wayar waje mai kaurin murabba'in milimita 2.5 wadda ba ta sandarewa a sanyi, da na'urar RCD mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta nan take idan ta fara zurarewa, da agogon kunnawa da kashewa wanda aka yi don hita, mai ɗaukar amfiya 16. Ƙananan agogon da ake sokawa a soket don fitilun ɗaki ba su dace da wannan nauyi ba.

Mataki na uku: zaɓen wurin huda

A nan ya kamata a ɓata lokaci. A zubar da ruwan tankin duka, a buɗe murfi, a haska tocila ciki, a ga inda shingayen da ke hana ruwa tangal-tangal suke, domin tankunan mota da yawa suna da su, wasu a ƙere suke da jikin tankin ta yadda daga waje sai dai a ga ɗan lotsawa. Wurin da ake nema dole ya cika sharuɗɗa da dama a lokaci guda. Ya zama shimfiɗaɗɗe sarai, ba kusurwa, ba kan layin haɗin roba, ba kan rubutun da aka ƙera a jiki, saboda washa ba ta kama wuri mai tudu da kwari. Ya zama sandar hitar za ta miƙe a cikin ruwa ba tare da ta kusanci ƙasan tanki ko shinge ko bangon da ke fuskantarta ba, da ratar aƙalla santimita 5 ta kowane gefe, kuma ƙari ya fi. A waje kuma a bar sararin da sifana za ta juya, da wanda za a zaro hitar gaba ɗaya ranar da ta mutu, ba tare da an kwance tankin daga ƙarafan da suka riƙe shi ba.

Game da tsayi, ruwan zafi sama yake tashi, wanda ke ƙasa da hita kuwa yakan zauna da sanyinsa, don haka ana son hitar ta yi ƙasa gwargwadon iko. Tsakiyar ramin ya kasance kamar santimita 10 zuwa 12 daga ƙasan tanki yakan wadatar, muddin gefen filanjin da notinsa sun sami wurin zama. A guji sanya ta daidai ƙarƙashin murfi ko kusa da inda ake cika ruwa, saboda hular hitar gida ba a yi ta don ruwa ya riƙa zuba mata ba, kuma a guji ɓangaren da ake jefa sanduna da bokitai.

Idan filanjin mai notin ciki ne, a gwada zura hannu ta murfi a ga ko yatsu suna kaiwa wurin kafin a taɓa injin huda. Idan ba sa kaiwa, akwai dabarar da masu aikin suke yi: bayan an huda, sai a zura igiya ko waya mai ɗan tauri ta murfi a fito da ita ta ramin, a zura notin a jikinta ya gangara har bakin ramin, sannan a kamo shi da yatsa daga waje.

Mataki na huɗu: hudawa da ɗaura filanji

A sa alama da alƙalamin maka, a ɗora filanjin a kai a zagaye shi, a sake aunawa. Yana da kyau a fara gwada zarton a jikin wani guntun roba ko katako, a saka filanjin a ga ya shiga daidai ba tare da yana rawa ba, domin bambancin milimita biyu ko uku shi ne tsakanin tanki mai riƙe ruwa da mai yoyo har abada. A fara da ƙaramin rami a tsakiya, sannan a kawo zarto mai zagaye, a riƙe injin a miƙe, a tafi da shi a hankali ba tare da dannawa da ƙarfi ba. Gudu mai yawa yana narkar da roba maimakon yanka ta, kuma idan haƙoran zarton suka cije farat ɗaya, injin yakan fizge hannu ya faɗaɗa ramin. Wasu sukan juya injin baya a farkon yankan don haƙoran su shata layi kafin su ci gaba.

Bayan faifan robar ya fita, a goge bakin ramin ciki da waje da samfefa mai laushi har sai yatsa ya zagaya bai ji gemu ba, amma kada a kankare fuskar da washa za ta zauna. Sannan a kwashe ɓurɓushin robar da ya zuba ciki da injin shara ko jiƙaƙƙen tsumma, a ɗauraye tankin. Wannan ɓurɓushi, idan aka bar shi, yana bi ta mafitar ruwa ya toshe ragar famfo, ko ya maƙale a ƙananan ramukan fesa ruwa na burushi tsakiyar aiki.

A ɗaura filanjin bisa tsarin da takardarsa ta nuna, washa a gefen da aka ce, a fara matse notin da hannu, sannan a ƙara da sifana kaɗan-kaɗan. Roba tana lotsawa idan aka matsa mata fiye da kima, washar kuma takan tsurkuɗo ta gefe, don haka a tsaya da zarar ta kwanta daidai ta kowane ɓangare. Daga nan a sa wa hitar washarta, a murɗa ta cikin filanjin da hannu har ta zauna, a tabbata zaren bai hau karkace ba, sannan wani ya riƙe filanjin kada ya juya yayin da ake ƙarasa matsewa da sifanar hita.

Kafin a je ga waya, a cika tankin da ruwan sanyi har baki, a share gefen filanjin ya bushe, a naɗa masa takardar goge hannu, a bar shi sa'o'i. Takardar tana nuna ɗigon da ido ba ya gani. Idan ta jiƙe, a rage ruwa, a ƙara matsewa kaɗan, idan kuma bai daina ba a kwance a duba washar, maimakon a shafe wurin da gam.

Mataki na biyar: wuta

A wayoyin Birtaniya, mai ruwan ƙasa ita ce mai wuta, shuɗiya ita ce ta dawowa, mai kore da rawaya ita ce wayar ƙasa, wato ta kariya. A cikin hular hita, mai ruwan ƙasa tana shiga sandar daidaita zafi, shuɗiya tana zuwa inda aka rubuta N, wayar ƙasa kuma tana ɗaure a ƙusar da ke jikin ƙarfen hitar, kuma a bar ta ta ɗan fi sauran tsawo, ta yadda ko an fizgi wayar ita ce za ta saki a ƙarshe. A matse kowace ƙusa sosai, domin waya mai sako-sako ita ke yin zafi, a kuma kama rigar wayar da maƙalin da ke bakin hular. Ko wanda ya iya wannan haɗi da kansa, ina ba shi shawara ya kira mai gyaran wuta ya auna masa lafiyar wayar ƙasa da ta rufin hitar da na'urarsa, ya kuma duba batun haɗa jikin motar da wayar ƙasa, saboda a nan ruwa da ƙarfe da wuta suna zaune ne a ɗaki guda.

Hanya mafi tsabta ta shigar da wuta cikin mota ita ce a ɗaura mashiga irin ta motocin kwana a jikin motar, wadda ƙusoshinta suke a ɓangaren mota, ramukan kuma a ɓangaren wayar da ke ɗauke da wuta. Kada a taɓa haɗa waya mai filogi a kai biyu. Wanda zai bi da wayar ta ƙofar baya ya tabbata ƙofar ba ta datse ta ba. Na'urar RCD tana zama a farkon layi, can ɓangaren gida, don ta kare doguwar wayar ita ma, kuma a riƙa danna maɓallin gwajinta. Idan wayar a kan abin naɗi take, a warware ta duka kowane dare, domin wayar da ke naɗe ba ta iya fitar da zafinta, kuma yawancin irin waɗannan an rubuta a jikinsu cewa nauyin da suke ɗauka a naɗe bai kai ko kusa da na warware ba. Idan motar a bakin titi take kwana, ba daidai ba ne a shimfiɗa waya ta ratsa hanyar masu tafiya da ƙafa, kuma ƙaramar hukuma na iya hanawa.

Mataki na shida: saita zafi da gwajin farko

Hitar gida akan saita ta a digiri 60, amma wannan ya yi wa aikin taga yawa. Ruwa mai zafi sosai idan ya sauka kan gilashin da ya kwana cikin ƙanƙara yana iya tsaga shi, musamman tsohon gilashi mai falle ɗaya ko wanda dama yake da ɗan tabo a gefe. Zafin yana kuma sassauta mesa har ta zame daga mahaɗinta. Digiri 35 zuwa 40 a cikin tanki ya wadatar, tunda ruwan zai huce a cikin doguwar mesa kafin ya kai burushi. Wanda matatarsa take bayan tanki ya lura cewa fatar matatar RO, wato siririyar fatar da ake tura ruwa ta cikinta don tacewa, ba ta son abin da ya haura digiri 45, ƙwayoyin rezin da ke ƙarasa tace ruwan ma zafi yana rage musu ƙarfi, saboda haka ya fi kyau a tace ruwan tukuna kafin ya shiga tankin da za a ɗumama. A duba kuma iyakar zafin da masu ƙera tankin da famfon suka rubuta, a tabbata hudar iskar da ke murfi a buɗe take.

Gwajin farko da rana ake yinsa, mutum yana kusa. A cika tanki, a kunna, bayan rabin sa'a a taɓa filogi da soket da mahaɗan waya, a sake taɓawa bayan sa'a guda. Ɗumi kaɗan ba laifi, amma abin da hannu ba zai iya daɗewa a kai ba, ko warin roba, alama ce ta a kashe nan take. A jira har sandar daidaita zafi ta yanke wuta da kanta, a auna ruwan da ma'aunin zafi a ga ko ya dace da abin da aka saita. Bayan ɗumamawa biyu ko uku a sake duba notin filanji, domin roba tana buɗewa da zafi ta tsuke da sanyi, kuma sau da yawa yana buƙatar ɗan ƙari.

A ja layi da maka mai kauri a jikin tanki, kamar taƙi ɗaya sama da hitar, a ɗauke shi a matsayin doka cewa ba a jona wuta sai ruwa ya haura shi. Hitar da aka kunna a busasshen tanki tana ƙonewa cikin ɗan lokaci, kuma tana iya narkar da robar da ke kewaye da filanji kafin maɓallin kariya ya farga. Wanda ke barin tanki yana cika da dare daga matata ya fi kowa fuskantar wannan haɗari, kuma shi ya kamata ya sa a ɗaura masa makunni mai yawo a kan ruwa, wanda ke hana wuta zuwa idan ruwa ya yi ƙasa.

Amfani na yau da kullum

Tankin da ba a lulluɓe ba yana zubar da zafinsa cikin dare, ana biyan kuɗin wuta a banza. A kewaye shi da allunan hana zafi fita irin na Celotex ko Kingspan, ko takardar kumfa mai fuskar azurfa, ko ma tsohon bargo, amma a bar hular hitar a buɗe. Ɗan ɗumin da ke fita duk da haka shi ke hana famfo da mesa daskarewa idan an rufe ƙofofin mota. Wanda mitarsa take kan tsarin Economy 7 ya saita agogon ya faɗa cikin sa'o'i bakwai na dare da wuta ke da araha, ya ƙare daf da lokacin fita. Da safe, tunda mafitar ruwa a ƙasa take inda ruwan sanyi ya kwanta, sai a mayar da bakin mesa cikin murfin tanki a kunna famfo na minti goma, ruwan ya gauraye, mesar ma ta yi laushi. A rataya wani ƙyalle mai launi a sitiyari duk lokacin da waya take jone, don kada a ja mota da ita.

Akwai batun lafiya da bai kamata a yi wasa da shi ba. Ƙwayar cutar Legionella tana yaɗuwa a ruwan da zafinsa ke tsakanin digiri 20 da 45, tana kuma shiga huhu ta hanyar feshin ruwa, kuma wannan shi ne zafin da ake aiki da shi, feshin kuma a saman kan mai aiki yake sauka. Hukumar HSE mai kula da lafiyar wuraren aiki tana da ƙa'idoji a kan haka. A ɗumama abin da za a ƙarar a yini, kada a bar ruwa mai ɗumi ya yi kwanaki a tanki, a riƙa zubar da ragowar a ƙarshen mako ana wanke cikin tankin da mesa lokaci zuwa lokaci. Tururin da ke fita ta murfi yana taruwa a rufin mota ya jawo tsatsa, don haka a riƙa buɗe ƙofofi iska ta ratsa idan an tsaya. Ruwan da ya gangaro daga taga kuma, ko da ɗumi ya fito, yana daskarewa a dandamalin ƙofar mai gida, saboda haka buhun gishirin hanya ya zauna a mota, a watsa a matakala da mashiga kafin a bar gidan. Kamfanin inshorar mota shi ma a sanar da shi a rubuce cewa an ɗaura hita mai jonuwa da wutar gida, domin sauyi ne a jikin motar, kuma idan gobara ta tashi ba a faɗa ba, kamfanin na iya ƙin biya.